Haya da sana'ar cikin gida: hanyoyin da ɗan haya yake da su idan sana'ar maƙwabci ta dame shi

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, ko Yamai, ya san da wuya a sami gidan haya mai ɗakuna da yawa wanda babu mai sana'a a cikinsa. Wata tana suyar ƙosai a ƙofar ɗakinta tun asuba, wani ya kafa keken ɗinki a rumfa, wata ta ajiye firigo tana ƙulla ƙanƙara, a bayan katanga kuma ga injin niƙa ko mai walda. Galibi ana zaune lafiya, sau da yawa ma ƴan hayar su ne masu ciniki na farko. Amma wani lokaci sana'ar takan kai ga hana barci, ko turnuƙe ɗaki da hayaƙi, ko ninka kuɗin kuran, ko ma ta jefa rayukan mutanen gida cikin haɗari. Tambayar da wannan takarda take ƙoƙarin amsawa ita ce: mene ne ɗan haya zai iya yi a irin wannan hali, alhali gidan ba nasa ba ne, kuma ba shi da iko a kan maƙwabcinsa?

Za mu dubi al'amarin ta fuskar dokokin ƙasa da alƙalan Nijar suke aiki da su, da kuma ta fuskar fiƙihun Malikiyya wanda masu unguwanni da limamai suke jingina da shi wajen sulhu, ko da ba su ambaci sunan littafi ba. Abin da muke son nunawa shi ne, koken da aka gina a kan cewa "wane yana sana'a a cikin gida" ba ya zuwa ko'ina a garuruwanmu. Wanda yake tasiri shi ne wanda ya bayyana cuta takamaimai, aka kuma kai shi inda ake sauraron irin wannan cutar, domin abin da alƙali yake ɗauka da nauyi ba lalle ne shi malami yake ɗauka da nauyi ba. Tun da kalmar "ƙara" tana da ma'ana biyu a Hausa, a nan mun keɓe ta ga sauti mai damuwa, wadda ake kaiwa gaban hukuma kuwa mun kira ta "koke".

2. Gida wurin aiki ne

A 1969 Polly Hill ta bayyana irin cinikin da matan kulle suke yi daga cikin gidajensu a Batagarawa, kusa da Katsina, inda hatsi da man gyaɗa da dafaffen abinci suke yawo daga gida zuwa gida ta hannun yara, ba tare da sun taɓa shiga kasuwa ba. Abin da ta gani a can shi ne ake gani a tsallaken iyaka, a ƙasar Maraɗi, inda tuwo-tuwo da fura da ƙuli-ƙuli suka daɗe suna riƙe da gidaje da dama. Ke nan a ƙasar Hausa raba "wurin kwana" da "wurin aiki" baƙon tunani ne. Ɗan hayar da ya je wurin mai unguwa yana neman a hana wata mata suya don kawai a gida take yi, zai dawo da kunya, kuma a ganinmu ya cancanta.

Sai dai tsofaffin garuruwa ba su bar kowace sana'a ta zauna ko'ina ba. Marina da majema da maƙera suna da wurarensu, kuma wanda ya gina kusa da su ya san abin da ya tarar. Abubuwa biyu ne suka canza wannan tsari. Na farko shi ne injin: niƙa da walda da janareta suna yin ƙarar da turmi da tsinken masaƙa ba su taɓa yi ba, kuma suna buƙatar kuran ko mai. Na biyu shi ne gidan hayar kansa, wato jerin ɗakunan nan da ake kira selibateriyom, inda mutane biyar ko goma waɗanda ba dangin juna ba suke raba tsakar gida ɗaya, da pampo ɗaya, da makewayi ɗaya, sau da yawa da kwantar ɗaya ta kuran. A gidan gandu, mai gida yana iya tsawatar wa kowa. A gidan haya kuwa, mai gidan yana iya zama a wata unguwa ko wani gari, ba a ganin kowa sai dillalin da ke zuwa karɓar kuɗi a ƙarshen wata.

3. Tambaya ta farko: wane ne maƙwabcin?

Kafin a yi maganar irin cutar, sai an tantance matsayin mai sana'ar, don daga nan ne ake sanin wanda za a riƙe. A 1996 an fitar da doka ta musamman a kan hayar gidaje a Nijar, amma tushen abin da ya shafe mu yana cikin kundin Code civil wanda ƙasar ta gada daga Faransa, da lambobin ayoyinsa na asali.

Aya ta 1719 ta ɗora wa mai gida nauyin tabbatar wa ɗan haya zama cikin natsuwa tsawon lokacin hayar. Aya ta 1725 kuma ta sauke masa wannan nauyi idan wanda ya kawo fitinar bare ne, wanda ba ya da'awar wani haƙƙi a kan gidan. A nan ɗan haya shi zai bi haƙƙinsa da kansa. To, shin ɗan hayar ɗakin da ke kusa bare ne? Kotunan Faransa sun daɗe da cewa a'a: mutum biyu da suke haya a hannun mai gida ɗaya, ɗayansu ba bare ba ne a wurin mai gidan, domin shi ya shigo da shi. Hukuncin kotunan Faransa ba ya ɗaure alƙalin Nijar, amma tun da ayoyin iri ɗaya ne, lauyoyi suna kafa hujja da shi.

Wannan bambanci yana da amfani ƙwarai. Idan mai sana'ar ɗan haya ne a gida ɗaya da mai koke, to mai koken ba ya buƙatar ya yi fito-na-fito da shi. Wanda ya yi yarjejeniya da shi, wato mai gida, shi zai tunkara, kuma mai gidan yana da abin riƙewa a hannunsa: aya ta 1728 ta wajabta wa kowane ɗan haya ya yi amfani da wurin bisa abin da aka ba shi hayar dominsa, aya ta 1729 kuma ta ba mai gida damar neman a warware hayar idan an juya wurin zuwa wani amfani dabam. Wanda ya karɓi ɗaki don kwana, ya mayar da shi wurin ajiyar jarkokin mai, ya saɓa wa wannan aya ko da babu wanda ya yi kuka.

Idan kuwa mai sana'ar a gidan kusa yake, nasa ne ko haya yake a hannun wani, mai gidan mai koke ba shi da alhaki a doka. Yana iya sa baki don mutunci, ko don katangarsa ce take tsagewa, amma ba za a tilasta masa ba. Ɗan haya yana da ƴancin kai koke da sunansa, ba sai ya mallaki gidan ba, domin natsuwarsa ce aka taɓa.

Akwai hali na uku wanda littattafan doka ba su cika tsayawa a kansa ba, alhali ya yawaita a unguwanninmu: mai gida yana zaune a cikin gidan, kuma sana'ar tasa ce ko ta matarsa. A takarda, a nan ne ɗan haya ya fi ƙarfi, tun da wanda doka ta ce ya tabbatar masa da natsuwa shi ne da kansa yake hana shi, kuma aya ta 1723 ta hana mai gida sauya fasalin abin da ya bayar haya kafin wa'adi ya cika, misali ya toshe tagar ɗan haya da shago. A zahiri kuwa a nan ne ya fi rauni, domin amsar da zai samu an san ta: in bai yi maka ba, ka nemi wani wuri.

Wani abu kuma da ya kamata a lura da shi shi ne dokar kasuwanci ta OHADA, ƙungiyar da aka kafa da yarjejeniyar 1993 wadda Nijar take ciki. Dokar da aka sabunta a 2010 ta tanadi kariya ta musamman ga hayar wurin sana'a, ko da da baki aka ƙulla ta: wanda ya yi shekara 2 yana gudanar da sana'ar da aka amince masa, yana da haƙƙin a sabunta masa hayar, ko a biya shi diyya idan an tashe shi. Ko ɗakin da ake kwana kuma ake sana'a a cikinsa ya shiga ƙarƙashin wannan doka, alƙali ne zai duba. Abin da ya shafi mai koke shi ne, duk tsawon shirun da ya yi, ƙafar mai sana'ar ƙara kafuwa take yi, kuma mai gida ƙara jin nauyin taɓa shi yake yi.

4. Cutar da ta wuce kima

Babu zaman maƙwabtaka da babu ɗan takura. Dokar boko da fiƙihu sun haɗu a kan cewa ba kowace damuwa ake kai wa hukuma ba, sai wadda ta wuce abin da aka saba jurewa. Inda suka rabu shi ne wajen jera cututtukan.

A ɓangaren boko, da farko ana bin aya ta 1382 ne, wadda take buƙatar a nuna laifin wanda ya jawo ɓarna. Amma mai injin niƙa da ya biya harajinsa, yake aiki da rana, wane laifi ya yi? Saboda wannan giɓi ne kotunan Faransa suka gina ƙa'idar da ake kira trouble anormal de voisinage, wadda babbar kotun ƙasar ta tsayar a matsayin ƙa'ida mai zaman kanta a hukuncinta na 19 ga Nuwamba 1986, daga baya a 2024 aka shigar da ita cikin kundinsu a aya ta 1253. Ma'anarta ita ce ba a tambayar ko mai sana'a ya yi laifi. Ana tambayar ko abin da maƙwabci yake sha ya zarce kima. Ana auna wannan da tsananin abin, da yawan maimaituwarsa, da lokacin da yake faruwa, da kuma irin unguwar. Ƙarar da za a jure a bakin tasha ba ita za a jure a lungun da babu kowa sai gidajen kwana ba. Takardar patanti ko izinin hukuma ba sa wanke mai sana'a, domin izini ana bayar da shi ne ba tare da an taɓa haƙƙin sauran mutane ba. Wannan batu yana da muhimmanci, saboda amsar farko da masu injin suke bayarwa ita ce "ina da takarduna".

Malaman Malikiyya sun riga kotunan Faransa tattauna wannan mas'ala da ƙarnuka. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya sani, ta hana mutum yin abin da zai cuci maƙwabcinsa, ta kawo misalin buɗe tagar da ke leƙa gidan wani, da buɗe ƙofa daura da ƙofarsa, da haƙa ramin da zai yi masa ɓarna. Muhtasar na Shehu Halilu, na ƙarni na 14, ya faɗaɗa jerin: alƙali yana hana hayaƙi irin na gidan wanka, da wari irin na majema, da masussuka a gaban gida saboda ƙaiƙayi, da duk abin da ke cutar da bango, da shagon da aka buɗe daura da ƙofar wani. Amma da ya zo kan ƙara, sai ya sa ta cikin abubuwan da ba a hanawa, kuma misalin da ya kawo shi ne na masu bugun tufafi, sana'ar da Bahaushe ya sani sarai a wajen masu bugun shuni. Wasu malamai sun sassauta, suka yarda a hana ƙara idan ta tsananta ta kuma dawwama, musamman da dare, amma asalin mazhabar shi ne neman abincin mutum ya fi jin daɗin kunnen maƙwabcinsa nauyi.

Akwai wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibn al-Rami, wanda alƙalai suke aikawa ya duba rigingimun gine-gine, ya kuma rubuta littafi a kan hukunce-hukuncensu. Ya bayyana yadda ake gwada ko dutsen niƙa yana cutar da bangon maƙwabci: a ɗaure takarda da zare ta kusurwoyinta huɗu, a rataye ta a rufin da ke kan bangon, a ɗora busasshiyar ƙwayar kusbara a kanta, wani ɗan iri mara nauyi mai saurin gangarawa, sannan a sa a juya dutsen. Idan ƙwayar ta motsa, girgiza tana isa bangon, sai a hana; idan ba ta motsa ba, mai niƙa ya ci gaba da aikinsa. Abin lura a nan shi ne ba ƙarar ake aunawa ba, girgizar ake aunawa. Dutsen da dabba take juyawa ya zama injin mai shan gazuwal, amma ginin laka har yanzu ginin laka ne, kuma kwanon ruwa da aka ajiye a kan taga yana iya nuna abin da ƙwayar kusbara ta nuna.

Darasin da ɗan haya zai ɗauka daga wannan bambanci a fili yake. Idan injin niƙa ne ya dame shi, ya je gaban mai unguwa da liman yana cewa ƙara ta hana shi hutawa, mai yiwuwa a ba shi haƙuri a sallame shi. Idan ya nuna tsagar bango, da ƙurar gari da ke sauka a kan abinci, da hayaƙin injin da ke shiga ɗakin yara, ya yi magana da harshen da fiƙihu yake ji. A gaban alƙali kuwa ƙarar ita kanta hujja ce, musamman ta dare. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 1999 ta sa desibel 30 a matsayin ma'aunin ɗakin barci, injin niƙa kuma ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Haka nan akwai cutar da fiƙihu yake gani sosai alhali dokar boko ba ta cika kula da ita ba, wato keta sutura: masu ciniki maza da suke shigowa har tsakar gida inda matan aure suke aiki, ko suke zama a benci daura da ƙofar ɗaki. Wannan koke ne da mai unguwa zai saurara nan take.

Ɓangarorin biyu sun sake haɗuwa a kan tambayar wa ya riga wani. Malamai sun bambanta tsohuwar cuta da sabuwa: wanda ya tarar da majema ya zo ya zauna kusa da ita ba shi da bakin magana, wanda kuma aka ƙirƙiro masa cuta yana gani ya yi shiru shekaru masu yawa, haƙƙinsa yana iya faɗuwa. Dokar Faransa ma tana kare sana'ar da ta riga mai koke zuwa, muddin tana bin ƙa'ida kuma ba ta ƙaru ba. Ga ɗan haya wannan takobi ne mai kaifi biyu, domin shi ne kullum sabon zuwa. Mafitarsa ita ce ya nuna abin da ya canza bayan shigarsa: injin ɗaya ya zama biyu, aikin rana ya koma har dare, kaji goma sun zama ɗari.

5. Inda ake kai kuka

Matakin farko magana ce tsakanin mutum biyu, kuma ba don ladabi kaɗai muka sa ta farko ba. Duk wanda za a je wurinsa daga baya, tambayar da zai fara yi ita ce "kun yi magana?" Abin da ya fi kyau shi ne a zo da buƙata wadda za a iya biya: a matsar da murhu daga ƙarƙashin taga, a kashe injin daga sallar isha'i zuwa hantsi, a ɗora shi a kan dakalin siminti nesa da bango, a tsayar da masu ciniki a zaure. Wanda ya nemi a rufe sana'a gaba ɗaya ya nemi a raba mutum da abincinsa, kuma duk unguwa za ta koma bayan mai sana'ar. Tsakanin mata, sau da yawa wata dattijuwa a gidan takan kashe wutar kafin maza su ji.

Rigimar kwantar ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce ta fi yawa, ita ce kuma ta fi sauƙin warwarewa. Al'adar gidajen haya ita ce a raba takardar kuran bisa yawan ƙwan fitila da fanka na kowane ɗaki. Wannan lissafi yana rushewa da zarar firigon ƙanƙara ya shigo. A matsayin misali, ƙwan fitila mai wat 10 da ke ci awa 5 yana shan wat-awa 50 a rana. Firigo mai wat 150 da injinsa ke aiki awa 14 a lokacin zafi yana shan 2100, wato daidai da ƙwai 42. Bugu da ƙari, farashin kuran da na ruwa hawa-hawa ne: idan abin da gida ya sha ya haura wani mataki, abin da ya hau kai ana biyansa da tsada, kuma wannan tsadar kowa ake raba wa. Ke nan mai fitila ɗaya yana tallafa wa jarin maƙwabciyarsa bai sani ba, ita ma sau da yawa ba ta sani ba. Maganin shi ne ƙaramar kwanta ta ɗakin mai sana'a, ko kwantarta ta kanta, kuma mai gida ne ya kamata ya tsaya a kan haka.

Idan magana ba ta yi ba, sai mai gida, a halin da muka bayyana a sashe na 3. A nan muna ba da shawarar rubutu, ko da saƙon waya ne, mai ɗauke da kwanan wata da bayanin abin da ke faruwa. Dillali yana iya cewa bai ji ba. Rubutu ba ya mantuwa.

Daga nan sai mai unguwa. Dokar sarakunan gargajiya ta 1993, da wadda ta biyo bayanta a 2015, sun ba su ikon sasanta mutane, ba ikon yanke hukunci ba. Mai unguwa ba zai rufe shago ba, ba zai ci tara ba. Ƙarfinsa yana cikin cewa ya san kowa, kuma mai sana'a yana buƙatar mutuncinsa a unguwa fiye da yadda yake tsoron kotu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tashi daga zaman sulhu da "Allah ya ba da haƙuri" kawai. Ya kamata a nemi a rubuta abin da aka amince a kai, da awoyin aiki da wa'adin gyara, ko kuma a rubuta cewa sulhu bai yiwu ba. Wannan takarda ita ce za ta yi amfani a gaba.

Ma'aikatar magajin gari da ma'aikatan tsabta suna shigowa ne idan abin ya shafi lafiyar jama'a: ruwan rini ko na wanki da ake zubarwa a titi, kashin kaji, wari, ƙudaje. Tun 1966 Nijar ta yi doka a kan wuraren aiki masu haɗari ko ƙazanta ko takura, wadda ta kasa su aji uku, na farkonsu waɗanda dole a nisanta su da gidajen kwana. A 1993 aka yi dokar tsabtar jama'a, a 1998 kuma dokar kare muhalli. Dokoki dai ba su yi ƙaranci ba. Abin da muka lura da shi shi ne koken mutum ɗaya yakan kwanta a ofis, na gidaje biyar ko shida masu sa hannu kuwa yakan sa a turo wani ya duba.

Akwai hali ɗaya da bai kamata a bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya ba, shi ne ajiyar man fetur, wanda ake kira ruwa-ruwa a garuruwan kan iyaka. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, yana iya tarar da garwashin da ke ɗaya gefen tsakar gida. Gidan da ake girki da itace ko gawayi, ga yara, ga jarkoki a ɗakin kusa, ba wurin jiran zaman sulhu ba ne. A faɗa wa mai gida da mai unguwa a ranar, in ba a kwashe ba a sanar da ƴan sanda ko ƴan kwana-kwana.

Kotu ita ce ta ƙarshe, kuma gaskiya ƴan haya kaɗan ne suke kaiwa can, domin kuɗin da za a kashe yana iya fin hayar wata da watanni. Ga wanda ya kai, abin da zai iya nema shi ne a umarci mai sana'a ya gyara ko ya daina, a biya diyya, ko, idan da mai gida ake shari'ar, a rage kuɗin haya ko a warware ta da laifin mai gidan. Idan abin na gaggawa ne akwai hanyar référé, wadda alƙali yake ba da umarnin wucin gadi cikin ɗan lokaci. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce takardar ma'aikacin shari'a da ake kira huissier, wanda zai zo ya gani da idonsa ya rubuta. Bayanta sai shaidar maƙwabta, da takardar likita idan hayaƙi ya taɓa ƙirjin yaro, da hotuna da sautin da aka ɗauka da waya.

6. Abubuwan da suke kayar da mai gaskiya

Abu na farko shi ne riƙe kuɗin haya. Ɗan haya yakan ce tun da mai gida bai cika nasa alkawari ba, shi ma ba zai biya ba. Kotuna ba sa karɓar wannan sai idan ɗakin ya zama ba ya zaunuwa sam. In ba haka ba, mai koke ya mayar da kansa mai laifi, ya kuma miƙa wa mai gida dalilin korarsa wanda ba ya buƙatar wata doguwar hujja. A biya, a karɓi rasit, a ci gaba da koke. Haka nan yanke wayar kuran ta maƙwabci, ko kulle pampo, ko zagi a gaban masu ciniki, duk suna juya shari'a.

Na biyu shi ne rashin takardar haya. Haya da baki haya ce, amma idan aka zo tambayar don me aka ba da ɗakin, babu abin nunawa; mai sana'a zai ce mai gida ya sani, mai gida zai ce bai hana ba. A nan malaman jami'a da ɗalibai, waɗanda yawancinsu ƴan haya ne kuma aikinsu na buƙatar shiru, suna da abin da za su iya yi tun kafin su biya kuɗin ajiya: su ziyarci gidan sau biyu, da asuba da kuma bayan magariba, su tambayi yadda ake raba takardar kuran, su kuma nemi a rubuta layi biyu a cikin yarjejeniya, ɗaya yana cewa ɗakunan gidan na kwana ne kuma ba za a kafa injin ko a ajiye mai ba, ɗaya yana cewa duk mai na'urar sana'a zai sa kwantarsa.

Tashi ma hanya ce, kuma ita ce mafi yawan mutane suke bi. Wanda ya zaɓe ta ya ba da sanarwa a rubuce cikin wa'adin da aka yi yarjejeniya a kai, ya ambaci dalilinsa, ya kira mai gida ko dillali su duba ɗakin tare kafin ya miƙa makulli. Idan girgizar injin ta tsaga bango ko hayaƙi ya baƙanta rufi, a rubuta wannan a gaban shaidu a ranar, domin in ba haka ba daga kuɗin ajiyarsa za a cire kuɗin gyaran.